Kafin a aza tubalin wani gidan marayu, a fara leƙa ɗakin kaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana a kan abin da ke dawowa duk shekara da zarar azumi ya ƙarato. Attajirai da ƙungiyoyin unguwa sukan tashi da niyyar alheri, a buɗe asusun marayu, a raba shinkafa da shadda da atamfa, wani lokaci har a ce za a nemi fili a gina gidan marayu. Allah ya saka wa masu wannan niyya. Mu da aikinmu ya shafi yaran da suka rasa mai kula da su muna da shawara guda: kuɗin da za a zuba a bulo da kwanon rufi, idan aka juya shi zuwa ga uwa ko kaka ko gwaggon da yaron yake hannunta, aka kuma riƙa bin sawu, zai riƙe yara da yawa, kuma riƙon zai fi kyau.

Mu fara da kalmar kanta. A addini da al'ada, maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. Ke nan mafi yawan marayun da ake tara wa kuɗi uwarsu tana nan da ranta. Abin da ya mutu a gidan shi ne hanyar cefane da kuɗin haya. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama, har da Ghana, ya nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su can. Shi ya sa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu suka ce talauci kaɗai bai isa hujjar raba yaro da iyayensa ba, suka ce yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata ya tashi, kuma kada a raba 'yan uwa sai da dalili mai ƙarfi.

Dalilin yana cikin yadda jariri yake girma. Yana bukatar mutum ɗaya da ya san kukansa, wanda zai zo idan ya kira. A gidan marayu, komai kyawun gini, ma'aikaciyar safe daban ce, ta dare daban, kuma kowacce tana da jarirai da yawa a gabanta. Jaririn da ya yi ta kuka ba a zo ba yakan daina kukan, sai baƙo ya shigo ya ce kai, waɗannan yara akwai natsuwa. Wannan shirun alamar cuta ce. A Rumaniya, daga shekarar 2000, masana sun bi yara 136 da ke gidajen marayu na birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka mayar cikin iyali sun fi sauran kaifin fahimta da shaƙuwa da mai renonsu, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi amfana. Akwai kuma wani ciwon da ba ya bayyana sai an girma. Saurayin da ya tashi a gidan marayu, ranar da zai nemi aure, wa zai shige masa gaba? Yarinyar, a ɗakin wa za ta yi wankan gida? Hausawa sun san nauyin tambayar nan "ɗan gidan wa ne", kuma babu ginin da ke amsa ta.

Ruwanda ta ɗauki wannan darasi da gaske. A 2012 gwamnatinta ta ƙirga yara sama da 3,000 a gidajen marayu 33, ta tsara mayar da su cikin iyalai, ta kuma sa a kowane ƙauye a zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu sa ido a kan yara da iyalan da ke cikin matsi. Mu a nan ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. Muna da mai unguwa, da limami, da ungozoma, da malamar Islamiyya, kuma muna da riƙo tun kaka da kakanni. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci kafala, wato riƙon yaro a tsarin Musulunci, da sunanta a sashe na 20. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rubutu da bibiya, kuma a nan ne riƙo yake lalacewa.

Ga yadda abin yake faruwa. An yi rasuwa, gida ya cika kwana uku, an yi sadakar bakwai, an watse. A cikin kwanakin nan ake raba yaran a tsaitsaye, baffa ya ce a ba shi namijin, gwaggo ta ɗauki babbar macen saboda za ta taya ta aiki, ƙaramin ya bi uwa. Babu wanda ya tambayi yaran, babu wanda ya rubuta komai. Bayan wata huɗu da kwana goma uwa ta fita takaba, dangin miji suna son ɗakin, ta koma gidansu ko ta yi aure, yaron da ke hannunta ya zama agola a gidan da ba a yi shawara da mai gidan a kansa ba. Bayan shekara guda, ka tambayi inda yaran marigayi suke, sai a yi ta kallon juna.

Maganin wannan zama ne guda, kafin dangi su watse, wanda mai unguwa ko limami zai kira. Dangin uba da na uwa su hallara, uwar yaran ta kasance a wurin ko ta wakilta wanda ta yarda da shi. A rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa da ajinsa a boko da Islamiyya, da kowane ciwo da yake da shi, kamar sikila ko farfaɗiya ko asma, da maganin da yake sha. A rubuta wanda zai kwana da yaron, da wanda zai ciyar, da wanda zai biya makaranta, domin ba dole ba ne ya zama mutum ɗaya. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi ya raba waɗannan abubuwa sarai: reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, idan uwa ta rasu ko ta yi aure sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Kula da dukiya kuwa wani haƙƙi ne daban. Baffan da ke cewa "jininmu ne" yana da hanyar nuna hakan, wato ya aika hatsi da kuɗin makaranta inda yaron yake. Yaron da ya kai shekara bakwai zuwa sama a ja shi gefe a tambaye shi wurin wa ya fi sakewa, domin sau da yawa ya san abin da manya ba su sani ba. A yi kofi uku na takardar, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin uwa, ɗaya ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Dukiyar marayu ma a wannan zaman ake tsare ta ko a rasa ta. A lissafa gona da gida da dabbobi da kayan shago da bashin da ake bin marigayi da wanda yake bi, a gaban shaidu, da hoton takardun fili. Idan ma'aikaci ne, akwai haƙƙoƙinsa na aiki da abin da ke banki, waɗanda ba sa fita sai da takardar kotu, kuma an sha ganin wanda ya fi wayo a dangi ya riga kowa karɓo ta. A kai rabon gado gaban alƙali da wuri. Jinkirin nan na "bari yara su girma" shi ne ƙofar da gonaki suke bi su ɓace, domin shekara goma ta isa shaidu su mutu, iyaka ta motsa. Suratun Nisa'i ta ce a gwada hankalin marayu, idan sun kai munzali a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu. Wanda aka damƙa wa amana ya riƙa kawo lissafi sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a gaban mutum biyu daga ɓangarorin dangi biyu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, kariya ce gare shi daga zargi.

Inda muka fi asarar rayuka shi ne jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa. A nan kwanaki ne ke yanke hukunci. Abu mafi kyau shi ne a sami mai shayarwa a cikin dangi ko maƙwabta, a kai ta asibiti a yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, a kuma ƙara mata abinci, domin yanzu baki biyu take ciyarwa. A rubuta wace ce ta shayar, saboda shayarwa cikin shekara biyu tana haramta aure, kuma a mazhabar Malikiyya ko kaɗan ne ya isa ciki ya wadatar. Idan ba a samu ba, sai madarar gwangwani ta jarirai, kuma wajibi ne mai alkawarin saye ya san girman alkawarinsa: jariri yana shan kimanin kilo 20 na garin madara a wata shida na farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. Wanda ya kawo gwangwani biyu ranar suna ya tafi, ya bar kaka cikin tsaka mai wuya. Abin da za ta yi shi ne ta rage gari ta ƙara ruwa don ya kai ƙarshen wata, jariri ya riƙa cika ciki da ruwa yana ramewa, ko ta koma koko da nonon shanu, waɗanda hanjinsa da ƙodarsa ba su isa ɗauka ba.

Haɗin kansa yana da ƙa'ida. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce na ƙasa da rabin awa, a auna ruwan tukuna sannan a zuba gari da cokalin da ya zo a cikin gwangwanin, a shafe kansa, yawanci cokali ɗaya ga mililita 30, sai dai a duba abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Jariri yana bukatar kusan mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini da dare, a raba masa sau takwas a watan farko. A ba shi da ƙaramin kofi. Fida tana da lungu da kan roba da ba sa wankuwa a gidan da ruwa na saye ne, kuma daga nan gudawa take farawa. Abin da ya rage a kofi a zubar, kada a ajiye don an jima. Katin rigakafi kuma ya bi jaririn duk inda aka kai shi: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. Marayu sukan tsallake allura, saboda katin yakan zauna a cikin kayan marigayiya da aka kulle har a yi rabon gado.

Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, kada a dogara da ido. Akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna tsakiyar damtsen hagu da shi, kuma kowace malamar Islamiyya za ta iya koyon sa cikin minti goma. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar. Tsakanin 11.5 da 12.5, ruwan ɗorawa, yaron yana bakin rami. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan wurin ya lotsa bai dawo ba, kumburin tamowa ne ko da yaron yana kama da mai ƙiba. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa a asibiti magani ne na yaro ɗaya, amma a gidan da yara shida ke jin yunwa za a raba shi, ko a sayar a sayi masara. Faɗa ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne a kai wa gidan hatsi tare da ledar.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake ba da tallafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ware maraya shi kaɗai a gidan da kowa talaka ne. A ɗinka masa kayan sallah, 'ya'yan mai riƙonsa suna kallo da tsofaffin kaya, an tafi an bar shi da tsana. Tallafi na gida ne gaba ɗaya, a hannun matar da ke dafa abincin. Kaɗan da ke zuwa kowane wata a ranar da aka sani ya fi buhu biyu a azumi da shiru na wata goma sha ɗaya, domin mai riƙo tana iya tsara rayuwarta a kansa. Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye a karɓi rasit. Jari yana da amfani, amma ba a ba mai yunwa jari, cinye shi za ta yi kuma ba laifinta ba ne. A fara tsayar da abinci wata uku zuwa shida, sannan a ƙara mata ƙarfi a sana'ar da ta riga ta iya, ƙuli ne ko ɗinki ko kiwo. Keken ɗinki ga wadda ba ta taɓa taka shi ba, kasuwa zai koma. Makarantar da Barista Zannah Mustapha ya kafa a Maiduguri a 2007, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ta haɗa karatun marayu kyauta da tallafa wa iyayensu mata, kuma wannan haɗin shi ne abin koyi. Muna kuma roƙon ƙungiyoyi su daina jera yara riƙe da leda ana ɗaukar hotonsu don Facebook. Yaron zai je makaranta gobe, kuma abokansa sun gani. Rasit da lissafi sun isa gamsar da mai bayarwa.

Bibiya ita ce ƙashin bayan aikin, ita ce kuma ake fara yarwa. Shawararmu: ziyara a satin farko, sannan duk sati biyu har wata uku, sannan duk wata har shekara, tare da zama a sake duba tsarin gaba ɗaya duk wata uku. Wasu ziyarorin su kasance ba sanarwa. Mace ce za ta shiga cikin gida, domin namiji a zaure zai tsaya, kuma daga zaure ba a ganin komai. Idan ta shiga, kada ta tsaya a "yaya yara, lafiya lau". Ta ce a nuna mata inda yaron yake kwana, da wa, akwai gidan sauro ko babu. Ta lura ko kwanonsa ɗaya da yaran gidan ko shi ne mai kankare tukunya. Ta dubi hannayensa da bayansa. Ta ga wa aka ɗora wa tallan safe a gidan. Ta wuce makaranta ta duba rajista da idonta, domin yaro yana iya samun yunifom ba ya zuwa aji. Ta zauna da shi a inda ake hangensu amma ba a jin su, ta yi masa tambaya buɗaɗɗiya, irin "faɗa mini yadda ka yini jiya tun daga asuba", kada ta sa masa magana a baki. Fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina, ko sata ta abinci, ko shiru mai yawa, galibi baƙin cikin rashi ne ko tsoro, kuma duka yana ƙara su. Ana bukatar a gaya wa mai riƙo haka tun farko, domin da yawa ba mugunta ce ke sa su duka ba, sun ɗauka iskanci ne.

A sa ido sosai a kan yarinyar da aka kawo birni daga ƙauye da sunan riƙo. Alamar da ke raba riƙo da aikatau a fili take: ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, yaran gida suna makaranta ita tana wanke-wanke, wani kuma yana karɓar kuɗi a kanta duk wata. Idan akwai dillaliya a tsakani, magana ta zama ta NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Haka agola: kafin a ɗaura auren uwarsa, waliyyai su yi maganar yaron a fili da mai neman auren, zai zauna ko zai koma wurin kaka, wa zai ciyar da shi. Kunya ce ke hana wannan tambaya, yaron kuma shi ke biyan kuɗin kunyar.

Wani lokaci dole a ɗauke yaro, kuma a nan gidan yara na gwamnati yake da amfani, a matsayin masauki na kwanaki ko makonni kafin a sami dangi na gari. Ƙuna da gangan, karaya, ɗaurewa a mari, horo da yunwa, ko lalata, babu jiran zaman dangi. Idan fyaɗe ne, asibiti ake fara zuwa, cikin awa 72, saboda maganin da ke hana kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki ba ya aiki bayan haka. Kada a wanke kayan da ke jikin yaron, a naɗe su a takarda, leda tana ɓata shaida. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don wannan, kamar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Mutum ɗaya ya saurari yaron, a rubuta da kalmominsa, kada a sa shi ya maimaita wa mai unguwa da limami da ɗan sanda da 'yan kallo. Sulhun "a rufa asiri" yana rufa asirin mai laifi ne, ya bar shi a gida ɗaya da yaron. Wanda ya kamata ya bar gidan shi ne mai laifin.

Sai jaririn da aka tsinta. Mai tausayi yakan ɗauka ya kai gida ya yi shiru, yana ganin ya yi lada. Ladan yana nan, amma shirun haɗari ne gare shi da jaririn. A ɗumama shi a jikin mutum, a kai asibiti, a sanar da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a a ranar. A rubuta wuri da lokaci da sunan wanda ya gani, a adana zanin da aka naɗe shi da duk abin da aka samu tare da shi, domin wata rana da su za a gane danginsa. Wanda ke son riƙonsa ya nema a rubuce, a binciki gidansa, a tabbatar matarsa ko mijinta ya yarda, kotu ta ba da takarda. A shari'a tsintacce ɗa ne mai 'yanci, ɗaukarsa wajibi ne a kan al'umma, kuma ba shi da laifin kowa a kansa. Ba a jingina shi ga mai riƙo a matsayin uba, kamar yadda Suratul Ahzab ta hana, kuma ba ya gado, amma ana iya yi masa kyauta tun da rai a damƙa masa, ko wasiyya har sulusin dukiya. Mai riƙon da bai yi ɗaya daga cikin biyun nan ba, ranar da ya faɗi, yaron zai wayi gari a titi. A kuma gaya masa asalinsa da taushi tun yana ƙarami, kafin wani ya jefa masa a wurin faɗa.

Duk wanda ke ganin takarda ɓata lokaci ce ya tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace a Kano aka sayar a Anambra, an canza musu suna. A 2021 babbar kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da hoton yaro na kwanan nan, da rajistar wanda ke riƙe da wa, su ne ke sa a gane yaro idan ya ɓace, su ne kuma ke wanke mai riƙo na gaskiya. Haka a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu. An sauke yara a gida ba tare da an taɓa dalilin da ya fitar da su ba, ba a kuma dawo an duba ba, da yawa suka sake kama hanya. Mayar da yaro gida aiki ne na watanni: a nemo dangi, a tabbatar su ne, a shirya ɓangarorin biyu, a samar da makaranta, sannan a ci gaba da zuwa.

Ga hukumomi, doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a watan Mayun 2023, kuma a shekarar gwamnatin tarayya ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Abin da ya rage shi ne jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ya sami babur da mai da fayil da makulli. Jami'i ɗaya ba zai iya bin fiye da yara 25 bi na gaskiya ba, saboda haka a horar da mutum biyu, mace da namiji, a kowace unguwa su zama idonsa. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma rajista ɗaya a kowace mazaɓa ba ta fi ƙarfin kasafi ba. Kada wani gidan marayu, na gwamnati ko na ƙungiya, ya karɓi yaro sai da sa hannun jami'in, kuma kowane yaro da ke ciki ya kasance da fayil mai ɗauke da ranar da ake sa ran fitarsa da gidan da zai koma. Hukumar Zakka da Hubusi tana iya ware kaso na dindindin don biyan masu riƙo duk wata. Attajirin da ya riga ya tanadi kuɗin gini kuma, ya gina shaguna ya yi waƙafi da su, hayar ta riƙa tafiya gidajen da marayu suke.

Ƙungiyar da ke shirin rabon bana tana iya fara wannan da littafi ɗaya na rubutu. Ta je wurin mai unguwa da limami da ungozoma, a lissafa gidajen da aka yi rashin uba ko uwa cikin shekara biyu da suka wuce, mata biyu su shiga kowane gida da tef ɗin awon damtse, su rubuta inda kowane yaro yake kwana da ko yana zuwa makaranta. Daga cikin jerin a zaɓi gidajen da ƙungiyar za ta iya ɗauka har wata goma sha biyu ba fashi, ko da biyar ne, sauran a miƙa sunayensu ga ofishin ƙaramar hukuma da hukumar zakka.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kula da walwalar yara,
Kano.